Maganin Tarin Fuka: Lissafin Da Ba Ya Shiga Littafi

A ƙofar ɗakin masu tari na wani asibitin gwamnati a garinmu akwai allon da aka rubuta cewa gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne. Ba ƙarya aka rubuta ba. Na sha zama a bencin wurin da sassafe tare da wani maƙwabcina tela, ban taɓa ganin an karɓi ko kwabo a hannunsa ba. Ana ba shi ƙwayoyinsa, a buga masa alama a kati, ya tashi. Amma ni na san abin da ciwon nan ya cinye masa, shi ya sa duk lokacin da na ji manya suna cewa tarin fuka ya zama ciwon da ake warkarwa kyauta a ko'ina cikin duniya, sai in ji ina son a zauna a yi lissafin da kyau.

Kafin ya kai ga bencin nan ya yi wata uku yana tari. Ya fara da kemis, aka ba shi maganin tari na kwalba da kafso. Aka ce taifod ne, aka yi masa ƙarin ruwa. Gwaggonsa ta ce jifa ne, aka karɓo rubutu da hayaƙi. Kowanne da kuɗinsa. Yana ta ramewa har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, da dare gumi ya jiƙa shimfiɗa sharkaf. Sai ranar da ya ga jini a kakinsa hankalin gidan ya tashi. Wannan duk ya faɗo ne daf da azumi, lokacin da tela ke tara abin da zai ci rabin shekara. Da labari ya zaga unguwa cewa tibi ce, masu ɗinkin salla suka riƙa aiko yara suna karɓe yadukansu. Kekunan ɗinki biyu gare shi, aka sayar da ɗaya.

Maganin na wata shida ne: wata biyu ana shan iri huɗu, wata huɗu ana shan iri biyu. Ɗaya daga cikinsu, rifamfisin, yana mayar da fitsari kalar manja, har ya tsorata a ranar farko. Da ya fara samun sauƙi sai cin abinci ya buɗe. Na ji ma'aikaciyar jinya tana ce masa, "Malam, ka riƙa cin ƙwai da wake da ɗan nama, maganin yana son abinci." Ya ce, "To Sista, Allah Ya hore." Da muka fito sai ya ce mini, "Yaya, kuɗin adaidaitar yau ma bashi na ciwo."

Ba shi kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'auni: idan abin da iyali suka kashe da abin da suka rasa saboda tarin fuka ya haura kashi 20 cikin 100 na abin da suke samu a shekara, to ciwon ya karya gidan. A ƙasashen da aka yi bincike, kusan rabin gidajen masu tarin sun faɗa wannan rami. Binciken da aka yi a Najeriya a 2017 ya samu kashi 71 cikin 100. Ke nan a gida goma, bakwai sun durƙushe, alhali ƙwayar maganin kyauta ce.

A 2023 mutum wajen miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka a duniya, miliyan 1.25 suka mutu. Ba wata cuta mai yaɗuwa da ta kashe mutane haka a wannan shekara. Fiye da rabin masu ciwon suna ƙasashe biyar, wato Indiya, Indunusiya, Sin, Filifin da Pakistan, sai Najeriya ta biyo baya da kusan rabin miliyan. Amurka kuwa, mai mutum sama da miliyan 330, ba ta kai mutum 10,000 ba a shekarar. A can, in aka samu mai tarin da ba ya jin magani, kuɗin jinyarsa shi kaɗai yakan haura dala 150,000. Ana killace shi, a bi sawun duk wanda ya zauna da shi, a gwada kowa. Ban ga laifin wannan ba, haka ya kamata a yi wa rai. Abin da nake tambaya shi ne dalilin da ya sa wannan ƙa'ida take tsayawa a bakin iyaka. Ɗan Najeriya ko Nijar ko Gana da zai zauna a Birtaniya fiye da wata shida sai ya kawo takardar shaidar ba ya ɗauke da tarin fuka kafin a ba shi biza. An san ciwon sarai, an san inda yake.

Amma a ganina babban bambancin ba a kuɗi kawai yake ba, a shekaru yake. Kowane magani da aka samu, akwai tazarar shekaru tsakanin ranar da ya isa ƙasa mai arziki da ranar da ya iso bencin da telanmu ke zama. Waɗannan shekarun su ne ba sa shiga littafin kowa.

Robert Koch ya bayyana ƙwayar cutar a Jamus ranar 24 ga Maris 1882. An gano maganin istireftomaisin a 1943, isoniyazid ya zo a 1952, rifamfisin ya biyo a shekarun 1960. Gwaje-gwajen da suka tabbatar cewa ana iya rage jinya daga wata 18 zuwa wata shida, Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya ce ta yi su a shekarun 1970, kuma a jikin mutanen Gabashin Afirka aka fara. Turai da Amurka suka ɗauki sabon tsarin. Ƙasashen Afirka da yawa kuwa aka bar su kan tsohon haɗi mai tayasetazon, saboda rifamfisin ya yi tsada. Da ƙanjamau ya bazu, likitoci a Nairobi suka gano a farkon shekarun 1990 cewa tayasetazon yana saɓule fatar masu ƙanjamau, har wasu su mutu. Mutanen da aka yi gwaji da kakinsu da jininsu su aka bari da maganin araha. Wannan ma kuɗi ne da aka biya.

Haka aka sake yi da tarin da ba ya jin magani. A ƙarshen shekarun 1980 ya ɓarke a birnin Niyok, bayan an yi shekaru ana zaftare kuɗin asibitocin tari. A 1992 masu tarin fuka a birnin sun kai 3,800. Gwamnati ta zuba sama da dala biliyan 1, aka shawo kansa cikin 'yan shekaru. A daidai wannan lokaci matsayin manyan masana lafiya na duniya, har da Hukumar Lafiya ta Duniya, shi ne jinyar irin wannan tarin ta fi ƙarfin ƙasashe matalauta, gara su maida hankali kan tarin da ke jin magani. Ma'anar wannan a aikace ita ce a bar mai shi ya koma gida ya mutu, yana shafa wa iyalinsa. Sai a 1996 likitoci irin su Paul Farmer da Jim Yong Kim da Jaime Bayona suka fara jinyar irin waɗannan marasa lafiya a Carabayllo, wata unguwar talakawa a gefen birnin Lima na ƙasar Peru. Sama da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka ɗore kan maganin suka warke. Da aka bincika kuma sai aka tarar magungunan da ake cewa sun yi tsada tsofaffi ne, haƙƙin mallakarsu ya ƙare tuntuni. Ba wanda ya taɓa zama ya yi ciniki ne kawai. Da aka kafa kwamitin sayen su a dunƙule a shekara ta 2000, farashin wasunsu ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100. A 2006 aka ba da rahoton garin Tugela Ferry a Afirka ta Kudu: mutum 53 da suka kamu da nau'in da ya fi kowane taurin kai, 52 sun mutu, rabinsu cikin kwana 16 da karɓar kakinsu. Sakamakon gwaji yana dawowa ya tarar an binne mai shi.

Inda lissafin ya fi fitowa fili shi ne labarin maganin bedakwilin. Kafin zuwansa, mai tarin da ba ya jin magani yakan yi wata 18 zuwa shekara biyu yana jinya. Zai haɗiye ƙwaya sama da 14,000, kuma a yi masa allura kullum har wata shida ko takwas, har mazaunansa su yi tauri ya kasa zama. Bayan duk wannan, kusan rabi ne kawai ke warkewa. Allurar kanamaisin kuma tana cin ji. Tana farawa da ƙara a kunne, sai ƙananan sautuka su ɓace, wata rana mutum ya ga bakin mahaifiyarsa yana motsi ba ya jin komai. Jin ba ya dawowa.

A ƙarshen Disamba 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da bedakwilin na kamfanin Johnson & Johnson, sabon nau'in maganin tarin fuka na farko cikin shekara 40. Ƙwaya ce, ba allura ba. Kamfanin ya yanka farashi hawa uku na jinyar wata shida: dala 30,000 a ƙasashe masu arziki, 3,000 a matsakaita, 900 a matalauta. Dole in faɗi gaskiya, ba tsada ce kaɗai ta jinkirta shi ba. A gwajin farko an samu mace-mace da suka sa likitoci taka-tsantsan, kuma maganin yana iya taɓa bugun zuciya. Amma ko bayan Afirka ta Kudu ta nuna da dubban marasa lafiya cewa yana rage mutuwa, ta kuma zama ƙasa ta farko da ta maye gurbin allura da shi a 2018, farashin bai sauko ƙasa da dala 400 ba. A 2020 ya koma 340. Tun 2017 kuwa masu bincike a Jami'ar Libaful suka ƙiyasta cewa ana iya ƙera shi a sayar da riba kan dala 8 zuwa 17 a wata.

Hujjar kamfanoni a kullum ita ce bincike yana cin kuɗi, in ba riba ba wanda zai ƙirƙiro sabon magani. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai a wannan karon an bi diddigi, aka ga kuɗin gwamnatoci da na ƙungiyoyin agaji da aka zuba a gwaje-gwajen bedakwilin sun zarce na kamfanin. Ban da haka gwamnatin Amurka ta ba shi wata takardar gata da ke gaggauta duba wani maganinsa na daban, irin takardar da ake sayarwa sama da dala miliyan 100. Da wa'adin haƙƙin mallakar bedakwilin ya kusa cika a Yuli 2023, kamfanin ya riga ya nemi mallaka ta biyu kan wani ɗan sauyi a haɗin maganin, wadda za ta kai shi 2027.

Mata biyu suka tsaya a gaba. Phumeza Tisile 'yar Afirka ta Kudu da Nandita Venkatesan 'yar jarida daga Mumbai, dukansu sun warke daga tarin fuka, dukansu kanamaisin ya kurumtar da su. A 2019 suka shigar da ƙorafi a ofishin rajistar mallaka na Indiya, ƙasar da ke ƙera kaso mai yawa na magungunan da Afirka ke sha. A Maris 2023 ofishin ya ƙi amincewa da buƙatar kamfanin. Cikin wata shida farashin ya faɗo zuwa dala 130, kamfanin kuma ya sanar cewa ba zai tilasta mallakar ta biyu a ƙasashe 134 ba. Na ga yadda aka yi ta murna, ni ma na yi. Amma daga 900 zuwa 130 ƙwayar ba ta sauya ba, masana'antar ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne an samu masu gasa da masu tsayawa kai da fata. Shekara goma da suka wuce a tsakani, wa zai biya waɗanda aka ci gaba da yi wa allura? Ko a 2023, cikin mutum wajen 400,000 da suka kamu da tarin da ba ya jin magani, biyu cikin biyar ne kawai suka samu jinya. Wannan kuwa bayan an samu haɗin wata shida mai ƙwayoyi zalla, wanda ya ƙunshi firetomanid, maganin da ƙungiyar TB Alliance mai aikin sa-kai ta samar, ba wani babban kamfani ba.

Kafin magani akwai gwaji. Na'urar GeneXpert ta kamfanin Cepheid tana gano tarin cikin awa biyu, ta kuma faɗi ko zai ji rifamfisin. An amince da ita a 2010. Kowane ɗan kwanson gwaji, wanda ake amfani da shi sau ɗaya a jefar, an fara sayar da shi dala 16.86. A 2012 masu ba da agaji suka biya kamfanin miliyoyin daloli ya rage zuwa 9.98, ya kuma tsaya a nan shekara 11 cur, duk da an sayar da miliyoyi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sa an yi ƙiyasi a 2019, aka ce ƙera shi bai kai dala 5 ba. Sai a Satumba 2023, bayan matsin lamba, ya koma 7.97. Na leƙa ɗakin da na'urar take a asibitinmu. Ƙaramin ɗaki ne mai na'urar sanyaya iska, domin ita ba ta son zafin da ya wuce digiri 30. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram zafi yana haura 40. In wuta ta ɗauke, ba man janareta, kaki ya yi ta jira a kwalba. An ƙera ta ne da tunanin ɗakin gwaji mai sanyi da wuta ba yankewa, mu kuma muka sayi na'urar, muka sayi sanyin da za ta zauna a ciki. Na'urar Truenat ta Indiya, mai aiki da batir da jure zafi, sai a 2020 ta samu amincewa.

Batun rigakafi gajere ne don abin faɗa kaɗan ne. Allurar BCG da ake yi wa jarirai a dantse tun 1921 take, kuma ba ta kare manya yadda ya kamata. A 2018 da 2019 wata sabuwa mai suna M72 ta kamfanin GSK ta nuna kariya ta kusan kashi 50 cikin 100 a Kenya, Zambiya da Afirka ta Kudu. Kamfanin bai ɗauki nauyin gwajin ƙarshe ba. Sinadarin ƙarfafa rigakafin da ke cikinta shi ne ke cikin allurarsa Shingrix, ta wani ciwon ƙuraje mai raɗaɗi da ke kama tsofaffi, wadda ta kawo masa sama da fam biliyan 3 a 2023. Sai da gidauniyar Gates da ta Wellcome suka haɗa dala miliyan 550 aka fara gwajin a Maris 2024. Rigakafin korona kuwa bai cika shekara ba aka fara yi wa mutane.

Ba zan ɗora komai a kan na waje ba, kada a bar jaki ana dukan taiki. A Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja kan ƙanjamau da tarin fuka, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Najeriya mai masaukin baƙi yawanci tana tsakanin kashi 4 da 6. Ƙwayoyin da telanmu ya sha, da kwanson gwajinsa, akasari kuɗin asusun Global Fund ne da na Amurka. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin dala biliyan 22 a shekara don yaƙar tarin fuka, abin da aka samu a shekarar biliyan 5.7 ne. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da agajinta a Janairu 2025 ta kuma rushe hukumar USAID, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton sallamar ma'aikata da tsayawar jigilar kaki zuwa ɗakunan gwaji a ƙasashe da dama. Mai tarin fuka ba ya iya jiran a gama muhawara. In ya yanke magani a tsakiya, ƙwayar cutar tana iya koyon jure shi, jinyar 'yan daloli ta koma ta ɗaruruwa. Zanin aro ba ya rufe katara, kuma gwamnatocinmu sun san da haka tun ranar da suka sa hannu a Abuja.

Akwai kuma abin da ba kamfani ba ne ya riƙe shi. A Ingila mace-macen tarin fuka sun ragu ƙwarai tun kafin a samu ko ƙwaya ɗaya, saboda abinci da gidaje sun inganta. A 2023 aka fitar da sakamakon wani gwaji a jihar Jharkhand ta Indiya, inda aka riƙa ba 'yan gidan mai tari shinkafa kilo 5 da wani nau'in wake kilo 1.5 kowane wata. Sababbin kamu a gidajen sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Shinkafa da wake ba su da takardar mallaka, kuma muna noma su a Kano da Kebbi da Jigawa. Ban taɓa ganin an miƙa wa kowa ko mudu ɗaya a bencin nan ba.

Telanmu ya cika wata shidansa, aka sake gwada kakinsa, aka rubuta a babban littafin asibiti cewa ya warke. Mun yi hamdala. Keken da aka sayar bai dawo ba, mai shagon unguwa har yanzu yana binsa kuɗin hatsi, kuma in ya hau tudun masallaci sai ya tsaya ya huta. Su bakwai ne a ɗaki biyu. Makon jiya matarsa ta shigo wurin uwargidana ta ce ɗansu na uku ya kwana goma yana tari da dare, tana tambaya ko ranar Litinin zan samu sukunin raka su.